Bandar Kir Anestis a Kan Rufin Kiriya Froso

Tun bas bai gama gangarowa daga kan dutse ba Kir Anestis ya riga ya sanar da duk wanda ke ciki cewa shi da teku tsofaffin abokai ne, kuma kafin idin Maryamu ya wuce sai ya kamo oktapodi, wata dabbar teku, da hannunsa, ya gyara shi, ya ajiye wa matarsa a faranti. Ya gaya wa direba, ya gaya wa kwandasta, ya gaya wa wata tsohuwa mai kaza a kwali. Da ya ga kunnenta da nauyi, sai ya matsa kusa ya sake ɗaukowa daga farko.

"A sojan ruwa na yi wa ƙasa aiki," in ji shi, yana murza gashin baki. "Oktapodi, ɗan abin nan mai hannu takwas? Mu da sassafe muke tsinto su kafin gahawa ta tafasa."

Kakin sojan ruwa kam ya sa, ba mai musa masa. Abin da ba ya faɗa shi ne, a wani sito can bayan gari aka jibge shi yana feraye dankali har aka sallame shi, tekun da ya gani kuma ta tagar jirgin ƙasa ne, ran zuwa da ran komowa. Mutanen ƙauyensu duk sun san haka, amma sun gaji da gardama, sai suka ƙyale shi ya yi ta iyo a kan kujerar gidan gahawa.

Matarsa Stamatiya tana gefen taga, ta rungume jaka. Tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa kwana a wani wuri ba, daga awaki sai tukunyar cuku sai lambun tumatir. 'Yarsu da ke aiki a birni ce ta kama masu ɗaki a Limanaki, wani ƙaramin gari a bakin teku, tun cikin hunturu, domin a makon idi ko benci mutum ba zai samu ba a duk bakin tekun nan. Gwiwoyin Stamatiya sun daɗe suna ciwo, likita ya ce ruwan gishiri zai taimaka, amma ita ba ma wannan ne a ranta ba.

"Anesti," ta ce masa a hankali, "mako ɗaya nake roƙonka. Ka bar ni in shiga ruwan nan, in kwanta a gadon da ba ni na gyara ba. Kada ka yi komai. Ka zauna kawai, kamar mutane."

"Ke dai ki zuba ido."

"Ai abin da nake tsoro ke nan."

Masaukin da aka kama masu, na wata Kiriya Froso, yana layi na uku daga bakin ruwa, bene ne siriri da aka shafe da farar ƙasa, ɗakunansa ƙanana, bangonsa kuwa in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa lafiya. Fanka tana juyawa tana kuka, firji ɗaya ne a tsakar gida na kowa da kowa, mabuɗi kuma an ɗaure shi da wani gungumen katako don kada ya ɓata. Ita Kiriya Froso gajeriya ce, baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta, ta tare su a ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Dokata ba ta da yawa," ta ce. "Ba a girki a ɗaki. Ruwa tanka ke kawo shi a zuba a tankin kan rufi, ba kuma za ta dawo ba sai bayan idi, saboda haka wanka ban da waƙa. In rana ta take kowa ya kwanta ƙailula, ko ƙuda ya yi tari zan ji. Wanda ya karya min doka, akwatinsa na bakin titi. Yanzu haka akwai masu bugo min waya suna kuka a kan ɗakin nan."

"Uwargida, da tsohon sojan ruwa kike magana," in ji Kir Anestis. "Mu muka san doka. To, 'yata ta ce ana ganin teku daga ɗakin?"

"Ana gani mana. Ka hau kujera a banɗaki, ka leƙa ta hagu, tsakanin gidan burodi da sandar lantarki."

Ya fara ƙorafi, amma kafin ya gama Stamatiya ta ja kujera ta hau, ciwon gwiwa ko oho. Ta ga wani ɗan tsiri shuɗi yana ƙyalli, bai fi faɗin ɗankwali ba. Ta daɗe a tsaye a wurin, farin ciki ya cika ta har sai da ta share ido da bakin hannun riga.

Washegari da safe ta sa doguwar rigar wanka ta shiga ruwa har wuya, ta tarar da wasu mata a tsaye da huluna suna hira, nan da nan ta zama tasu. Shi kuwa ya tuɓe takalmi da safa, ya naɗe wando, ya fito da makaminsa: sandar tsintsiyar Kiriya Froso, an ɗaure mata cokali mai yatsu a kai da igiyar takalmi. Ya nufi wajen duwatsu inda wani tsohon masunci, Barba Zisis, yake zaune a bakin kwalekwale yana ɗinkin taru.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa," in ji Kir Anestis. "Ina manyan suke ɓuya?"

Barba Zisis ya dubi sandar, ya dubi cokalin, ya dubi mutumin. "Manyan me? Taliya?"

"Oktapodi."

"Au. To ka zo da faranti? Wataƙila in ya ga an shirya tebur ya fito da kansa."

Kir Anestis ya yi kamar bai ji ba. Ya shiga ruwa zuwa gwiwa, ya yi ta zungurar ramuka. Ya soko silifas ɗaya, ya soko gwangwanin kifi, ya soki inuwarsa sau da yawa. Masu wanka suka fara taruwa, don nishaɗi kyauta ba ya wuce mutanen Limanaki. Da ya ga an taru, sai ya dogara sanda, ya tsaya cik a cikin ruwa, ya shiga koya wa Barba Zisis yadda ake kamun kifi a sojan ruwa.

Ƙafafun nan nasa kuwa rabonsu da rana tun yana yaro, farare tas kamar cukun matarsa. Duk ɗan garin nan ya san ba abin da oktapodi yake so irin fari, shi ya sa masunta suke ɗaura farin tsumma a igiya su jefa masa. Yana cikin bayani sai ya ji wani abu mai sanyi ya shafa masa idon sawu, ya naɗe, ya ƙara naɗewa, ya hau sha-raɓa yana tsotsa.

Ihun da Kir Anestis ya kurma har a gidan burodi an ji. Ya yar da sanda, ya fito daga ruwa a guje, abin yana manne da ƙafarsa yana lilo. Ya ture lema, ya taka kankanar wasu mutane, ya tsallake wani mai ƙiba da ke kwance, yana kiran sunan uwarsa da ta rasu tun tuni. Barba Zisis ya tare shi, ya danne ƙafar, ya zura yatsa ya juye kan oktapodin ciki waje, hannuwan suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Kir Anestis ya zauna a yashi yana haki. Da numfashi ya dawo, baki ma ya dawo.

"Kun gani ko? Dabarar sojan ruwa ke nan. Da ƙafa muke kamawa."

"Ihun fa?" wata mata ta tambaya.

"Don a ruɗa shi ne."

"To uwarka da kake kira?"

"Sunan jirginmu ke nan."

Barba Zisis ya miƙa masa abin yana dariya har da tari. "Karɓi kayanka, Kyaftin. Ka buga shi a kan dutsen nan sai ya yi laushi, sannan ka shanya shi a rana. In ba haka ba taya za ka ci."

"Ni za ka koya wa?"

Da mai hankali ne, a nan bakin ruwa zai buga abinsa a gama. Amma ina amfanin kamun da gari bai gani ba? Ya tsinto sandarsa, ya rataya shi a kai ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta gaban kowane gidan gahawa, ya tsaya a kantin magani, ya tsaya a wajen mai aski. A kowane zango oktapodin ƙara girma yake a bakinsa, zurfin ruwan ma haka. Kafin ya koma masauki rana ta take, an rufe tagogi, gari ya yi tsit, Stamatiya tana sama tana barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Ya dubi matakalar ƙofar Kiriya Froso, farin dutse mai santsi da take wankewa kullum. Ya ce ai dutse dutse ne. Ya ɗaga oktapodi sama ya maka: tim! Ya sake: tim! Ya ji daɗin ƙarar, ya gyara tsayuwa, ya haɗa da kirari.

Taga ta buɗe a gidan da ke kallonsu. Fanuris mai burodi ne, mutumin da yake gaban tanderu tun kafin gari ya waye, wanda barcin rana shi ne duk abin da ya mallaka a duniya.

"Wane marar tsoron Allah ne yake kashe jaki a ƙofar gidana?"

"Aiki nake, maƙwabci. Sai ya yi laushi."

"In na sauko kai za ka yi laushi!"

Wata tagar ta buɗe, wata ma ta buɗe. Sai ga Kiriya Froso da raga a gashi, ta tsaya ta dubi matakalarta da ta koma baƙa da kumfa da tawadar da oktapodi ke fitarwa, ta dubi sandar tsintsiyarta, ta dubi cokalinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Akwati."

Stamatiya ta sauko ba takalmi. Ta kama hannun matar da hannu biyu. "'Yar'uwa, don girman Allah. Jiya-jiya na zo. Zan wanke matakalar yanzun nan, ga cuku na kawo daga gida, na awakina ne, ki ɗanɗana. Rana ce ta buge shi, ba ya sa hula."

Kiriya Froso ta daɗe tana dubanta. "Don idonki," ta ce. "Amma shi ki ɗaure shi."

Stamatiya ta durƙusa a kan gwiwoyin nan masu ciwo tana goge matakala, shi kuma ya haye sama yana gunaguni cewa mutanen bakin teku ba su san darajar gwani ba. Ya zare igiyar labule ya ɗaura a baranda, ya baza oktapodi a kai, hannuwa takwas suna reto, ya kwanta yana jiran yabo.

Barandar da ke ƙarƙashin tasu ta Kiriya Lula ce, wata gwauruwa 'yar Atina da ke zuwa kowace shekara, ta shimfiɗa farar rigarta ta zuwa coci ranar idi a kan kujera don ta sha iska. Oktapodi kuwa ɗiga yake, ɗis, ɗis, ruwa-ruwa baƙi-baƙi mai ƙarni. Da la'asar aka ji wata ƙara kamar an taka wutsiyar mage.

"Rigata! Wane ɗan ƙauye ne a sama?"

Kir Anestis ya leƙo. "Uwargida, a sassauta harshe. Wannan tawada a manyan gidajen abinci sayenta ake."

"To sauko in zuba maka ita a gashin baki!"

"Ai ma ta yi mata ado. Da fara ce fat kamar ta majinyata."

Takalmi ya taso daga ƙasa ya wuce kunnensa. Maguna kuma sun riga sun ji labari, sun jeru a kan katanga, manya da ƙanana, sun ɗaga kai suna kallon baranda kamar masu jiran wa'azi. Kiriya Froso ta hau bene tana haki.

"Ka fitar min da wannan abu daga cikin gidana. Yanzu. Ban son in ƙara jin warinsa."

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Stamatiya ta karɓi rigar daga hannun Kiriya Lula, ta ce ta san yadda ake fitar da tabo da lemon tsami da gishiri. Suka zauna a tsakar gida su biyu suna cuɗawa, tun Kiriya Lula tana huci har ta fara ba da labarin marigayi mijinta, wanda shi ma ya taɓa gyara rediyo gidan ya kwana uku ba lantarki. Kafin magariba rigar ta fita fes, matan suna dariya, suka hau da ita kan rufi suka shanya tare da zannuwan gadon masauki. Ba su lura da abin da ke rataye a bayan tankin ruwa ba, domin a lissafin Kir Anestis kan rufi ba cikin gida ba ne.

Washegari jajibirin idi. Stamatiya ta yi wankanta na safe, ta dawo fuska ta yi ja, ta ci burodi da zaitun, ta ce masa gwiwarta ta hagu ta daina ƙara. Da rana ta take ta kwanta, fanka tana kuka a kanta, barci ya ɗauke ta tana murmushi. Shi kuwa ya saɗaɗa ya hau rufi don ya duba dukiyarsa.

Abin da ya tarar ya tayar masa da hankali. Ƙudaje sun yi wa oktapodin baƙi, rina suna ta safa da marwa a kansa, wata katuwar mage mai ido ɗaya tana kwance a inuwar tanki tana jiran ikon Allah. Ya riƙe ƙugu ya girgiza kai.

"Ka ji ragwaye," ya ce. "A bar nama a rana ƙuda ya ci rabi? A garinmu ko yaron goye ya san naman akuya hayaƙi ake masa. Yau zan nuna wa mutanen nan abin da kakanninsu ba su sani ba."

Ya sauka bayan gida ya samo tsohuwar garwar man zaitun, ya farfasa akwatin tumatir, ya kwance ƙunshin busasshen ganyen ƙamshi da Stamatiya ta taho da shi don shayi. Ya jera komai a ƙarƙashin igiya, ya ƙyasta ashana. Da farko abin gwanin sha'awa. Hayaƙi ya miƙe siriri, ƙudaje suka watse, rina suka kama gabansu, ƙamshi ya tashi. Kir Anestis ya zauna a kan bulo ya harɗe ƙafa, har ya fara tsara yadda zai ba da labarin a gida.

Abin da mutumin kan dutse bai sani ba, iskar Agusta a bakin teku da tsakar rana take tashi, kuma ba ta sallama. Ta zo fuu, ta kwantar da hayaƙin a kan shanya, zannuwan gado suka fara komawa ruwan toka. Ya tashi zai janye garwar, ta ƙone masa yatsu, ya sake ta, ta kife. Garwar nan kuma da sauran mai a gindinta. Wuta ta yi tsalle ta kama gefen zani ɗaya, ta miƙa wa na kusa da shi, ta nufi farar rigar Kiriya Lula.

Ya cire rigarsa ya shiga bugu, rigar ta kama. Ya tattaka da ƙafa, ya tuna ba takalmi. Sai idonsa ya faɗa kan tanki.

"Ruwa! Sojan ruwa da ruwa!"

Ya kama bututun da ya fito daga gindin tankin ya murɗa, bai buɗe ba. Ya sa ƙafa ya dafe tanki ya fizga da duk ƙarfinsa. Bututun ya ɓalle gaba ɗaya, ruwa ya yi tsiri ya doke shi a ciki ya zaunar da shi. Wutar kam ta mutu. Amma ruwan bai san an gama ba, ya malale rufin, ya samu ƙofar matakala, ya gangara.

A ƙasa kuwa, Fanuris mai burodi ya buɗe ido ya hango hayaƙi a sama. A watan Agusta ba abin da mutanen nan suke tsoro kamar hayaƙi, sun sha ganin gonakin zaitun sun tafi a yini ɗaya. Ya fito da gajeren wando yana ihu, "Gobara! Gobara a gidan Froso!" ya ruga coci ya kama igiyar ƙararrawa. Gari ya tashi daga barci a gigice. Maza da singileti, mata da raga a gashi, kowa da bokiti, wani da tukunyar miya, mai aski ya zo da butar shayi. Suka jeru daga bakin teku har ƙofar masauki suna miƙa wa juna ruwa.

Na gaba suka kutsa matakala da bokitai suka yi karo da ruwa yana saukowa, ɗauke da silifas da tawul da hular wani baƙo. Suka tsaya cirko-cirko, ba su san ko su zuba ko su kwasa ba. Ana cikin haka magen nan mai ido ɗaya ta ratso tsakanin ƙafafunsu a guje, oktapodi a bakinta, hannuwansa suna jan ƙasa, sauran maguna suna biye.

Daga ƙarshe Kir Anestis ya sauko, ba riga, jiƙe sharkaf, fuska baƙa ƙirin, gashin baki ɓangare ɗaya ya tafi. Bututun yana hannunsa har yanzu. Ya tarar da duk garin a ƙofar gida. Wani da ya ga haka da ya nemi ƙasa ta tsage, amma shi sai ya ɗaga bututun sama.

"Ku kwantar da hankalinku, jama'a! Na kashe ta. Ni kaɗai."

"Wa ya kunna ta?" in ji Fanuris.

"Wannan wata magana ce daban."

"Kyaftin," Barba Zisis ya kira daga baya, bokiti a hannu, "ce maka na yi ka shanya a rana. Rana ce ta gaza?"

"Ƙudaje fa? Ku ba ku san banda ba."

"Mun sani yanzu. Har zanin gado ka yi wa."

Kiriya Lula ta sauko riƙe da abin da ya rage na rigarta, hannun riga ɗaya da wuyan rigar. Kiriya Froso ta shiga ta murɗa famfon tsakar gida a gaban kowa. Famfon ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Gida cike da baƙi, kowa da gishirin teku a jiki, gobe idi, tanka sai bayan idi. Ta juyo, ta nuna bakin titi da yatsa.

"Akwati."

Kir Anestis ya ja numfashi ya buɗe ƙirji. In za a kore shi, to shi zai fara tafiya. "Ba sai kin faɗa ba! Ni da na kwana a manyan jirage zan tsaya a kejin kaji? Stamatiya! Ɗauko kayanmu. Mun fi ƙarfin gidan nan."

Stamatiya ta sauko da akwatin, gefen rigarta a jiƙe. Ta ajiye shi a kan matakala, ta buɗe. Ta ciro rigunanta ta ɗora a hannu, ta ciro rigar wanka, ta ciro hularta da maganin gwiwa. Ta bar wandunansa da rezarsa, ta rufe, ta tura akwatin gabansa. Sannan ta juya wajen Kiriya Froso.

"'Yar'uwa, ban da bakin ba ki haƙuri. Amma ina da hannu. Akwai rijiya a bayan coci, na gani, zan ɗebo ruwa tare da ke har tanka ta zo. Ke kuma Lula, akwai yadi fari a kantin kusa da mai magani, in na zauna yanzu kafin a buga ƙararrawar safe kin sa riga. In kin ce in tafi, zan tafi."

Kiriya Froso ta dube ta, ta dubi mijin. "Ni akwati ɗaya na ce a fitar. Ga shi can a waje."

"Stamatiya," in ji Kir Anestis, murya ta yi ƙasa. "Me kike yi haka? A gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi bandarka, Anesti." Ta zaro mabuɗin gidansu daga wuya ta sa masa a tafin hannu. "Bas na tashi da la'asar. Ka karɓo awaki daga wajen maƙwabta, tumatir kuma da yamma ake ba su ruwa. Akwai wake a tulu. Kada ka yi masa dabara, ka dafa shi kawai."

"Ni kaɗai zan tafi?"

"Mako ɗaya na roƙe ka. Ka ci kwana biyu a ciki. Sauran kuwa nawa ne ni kaɗai."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, sai da Fanuris ya cire tsohuwar rigar aikinsa mai garin alkama ya jefa masa, ya ce ya rufe tumbinsa kada ya tsorata direba. Nan fa aka fashe, har da masu tafi.

Bas ya bi ta bakin ruwa kafin ya kama hanyar dutse. Kir Anestis yana gefen taga da akwati a cinya, yana warin hayaƙi. Can ya hango mata uku suna tafe daga bayan coci da bokitai, wata gajeriya mai baƙaƙen kaya, wata doguwa, da ta tsakiya mai ɗan ɗingishi. Ta tsakiyar ta faɗi wani abu, duk suka ajiye bokitan suna riƙe ciki don dariya. Ya ɗaga hannu, ba ta ga bas ɗin ba ma. Abin ya soke shi ƙwarai, domin ya manta rabon da ya ga ta yi dariya haka, kuma bai taɓa hawa mota ba tare da ita a gefensa ba.

Da aka wuce gidan mai sai ya gyara zama, ya taɓa gefen gashin bakin da ya rage, ya juya wajen mutumin da ke kusa da shi.

"Ka ga uwargidana na bar ta a can ta huta. Ni na ce ta zauna. Da ƙyar ta yarda, har da kuka. Ni kuma aiki ya kira ni, ka san an yi wata gobara yau a garin nan, in ba don ni ba..."

Mutumin ya ɗaga ƙafar wandonsa da ke jiƙe har gwiwa ya nuna masa.

"Na sani, Kyaftin. Ni ne na riƙe tukunyar miya."

Kir Anestis ya juya ya dubi taga, ya matse mabuɗin a hannu. Bas ya sha kwana ya fara hawa dutse, yana cin taya da ƙyar.